Daminar da Na Yi wa Kara Gudu

Bana ruwa ya yi jinkiri, da ya sauka kuma sai ciyawa ta riga gero tashi. Ranar Talata na dawo daga gona bayana yana ciwo, na raɓa shagon mai cajin waya in sha inuwa, sai na tarar samari sun cika gaban talabijin suna ta ihu. Wasu ƙarti ne na ƙasar waje da gajeren wando, suna tsalle daga katako zuwa katako a kan wani ruwa shuɗi, wanda ya faɗa a kwashe masa da dariya. Ɗaya daga cikin samarin ya waiwayo ya ce, "Baba Sale, ka taɓa ganin irin wannan kuwa?" Na ce na gani. Ban gaya masa na yi ba, na ɗauki fartanyata na wuce, amma har na isa gida haƙorana a cije suke.

Shekarar da nake nufi zamanin soja ne, lokacin da rediyo ba ta da magana sai a tsuke bakin aljihu. Mu a ƙauyenmu, nan yankin Durun ta ƙasar Kabo, ba mu ga aljihun ba balle bakinsa. Sabulu sai an bi layi, taki sai wanda ya san wani, kananzir kuwa da murfin kwalba Inna take auna shi. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbuna duk sun yi ƙasa. A gidanmu ni kaɗai ne namiji. Babanmu ya rasu, sai Inna, sai matata Hansatu da 'yarmu Ladidi da ake goyo, wata bakwai. Gona ɗaya gare mu, ta gero da wake, a bakin hanyar rafi. Abin da ta bayar shi za mu ci, in ba ta bayar ba babu wata ƙofa.

Bazarar ta yi tsawo har mutane suka fara kallon juna. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kaɗa shi ya watse, a bar mu da zufa. Sau biyu aka fita roƙon ruwa. Ranar da ya sauka da hantsi ne, na ji ƙamshin ƙasa tun kafin ɗigo ya taɓa ni. Washegari muka fita shuka, ina sara Inna tana bina da ƙoƙon iri, tana jefawa tana rufewa da diddige. Kwana biyar gero ya tsiro layi-layi, ba gurbi ko ɗaya. Inna ta ce rabonta da ganin tsiro mai kyau haka tun Babanmu yana raye.

A makon nan ne motar gidan talabijin ta zo daga Kano da lasifika a kanta. Wai za a yi wasa mai suna Wa Zai Haye tsakanin ƙauyukan Gwarzo da na Kabo, kowane ƙauye ya kawo mutum biyar. Za a ajiye su a wata makaranta a Gwarzo fiye da wata guda, ana koya musu, ana ɗaukar su a hoto duk Asabar. Ƙauyen da ya ci zai tafi da shanun huɗa biyu da garma. A lokacin duk garinmu mutum ɗaya ne mai shanun huɗa, Alhaji Mamuda dillalin taki, shi kuwa ko ƙahonsu ba ya bari ka taɓa.

Da la'asar sai ga Haladu a ƙofar gidanmu. Shi ne sarkin gayya, shi yake tara samari a nome gonar wanda aiki ya fi ƙarfinsa. Ya girme ni da shekara fiye da goma, ga baki kamar an shafa masa zuma. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi mai jego da tuni ta gama jego, sannan ya zo kan magana.

"Dagaci ya ce kai ne na farko, Sale. Duk garin nan wa ya kai ka tafiya a kan azara? Da rani muna ganinka a saman gini kamar ƙadangare."

Na ce, "Yaya Haladu, noman firi na cire ciyawar farko saura kwana goma. In na tafi wa zai shiga gonar? Inna?"

"Haba, kai ma dai! To mu me muke yi a garin? Kawo goronka. Alhamis ta sama gonarka ce ta farko, in ka dawo sai ka rantse da tsintsiya aka share ta."

Al'adar gayya a wurinmu a bayyane take. Mai gona zai ba sarkin gayya goro a gaban mutane, in ya karɓa ya tsayar da rana, to ranar ta zama ta mai gonar. Shi kuma mai gona ya tanadi fura da tuwon masu aiki da ɗan abin makaɗa. Na ba Haladu goro a ƙofar masallaci bayan azahar, a gaban Liman da dagaci. Na sayar da akuyar Hansatu na ƙara hatsi a kan ɗan abin da ya rage a rumbu, na ce mata wannan na 'yan gayya ne, kada a taɓa. Sannan na hau motar da raina kwance.

A Gwarzo na ga abin da ban taɓa gani ba. An gyara filin makaranta an jera shinge biyar. Da farko katangar buhunan yashi da ta fi mutum tsayi, sai rarrafe a ƙarƙashin raga, sai igiya da aka rataya a ƙarfe ka hau ka taɓa ƙararrawa. Na huɗu rami ne cike da taɓo, an gicciya masa azara ɗaya. Na ƙarshe a ɗora maka tulu cike da ruwa, ba gammo, ka yi gudu da shi har tuta, a can a zura sanda a auna, wanda ruwansa ya ragu ƙasa da zane ya faɗi ko da shi ya riga isa. Tanka ce take zuwa ta tuttula ruwa a ramin don ya yi taɓo, alhali a bayan katangar mata da yara suna layi a rijiya tun asuba. Sun tsaya suna kallon ruwan yana malala.

Ana ba mu shinkafa sau biyu a rana, wani lokaci har da kifin gwangwani. Ba zan ɓoye ba, na ci, na side hannu. Jikina ya murje a wata guda fiye da yadda ya yi a shekara. Duk Asabar da muka fitar da wani ƙauye, ran Juma'a bayan la'asar a nuna mu. A garinmu talabijin ɗaya ce, ta malamin asibiti, da batirin mota ake kunna ta, ya fito da ita kan tebur gari duk ya taru. Haladu yakan zo kallonmu ran Asabar a bayan motar Alhaji Mamuda. Duk zuwan da ya yi sai na ja shi gefe.

"Yaya Haladu, gonar fa?"

"An yi! Tas! Kai dai ka riƙe mana azarar nan."

Haka muka kai wasan ƙarshe, mu da mutanen Kara ta ƙasar Gwarzo. Saura kwana huɗu, aka ce manyan baƙi za su zo daga Kano, kuma wanda ya yi gudun ƙarshe shi zai karɓi igiyar shanun daga hannunsu a gaban na'ura. Gudun ƙarshe nawa ne tun farko. Ran Talata da safe shugaban masu ɗaukar hoton, wani mai farar hula da ake ce wa Malam Furodusa, ya kira ni ofishin hedimasta. Na tarar da Haladu a zaune, da wani saurayi mai farin takalmin roba. Nasiru ne, ɗan ƙanin Alhaji Mamuda, wanda tun yana shekara uku aka kai shi birni.

Malam Furodusa ya ce, "Dokar wasanmu, ɗan gari shi ne wanda aka haifa a garin. Wakilinku ya ce kai ba a garinku aka haife ka ba. Haka ne?"

Na dubi Haladu. Ya sunkuyar da kai yana gyara bakin wandonsa, ya ce, "Gaskiya dai gaskiya ce, Sale. A Kara aka haife ka, kowa ya sani. Kada mu ci shanu a zo a ƙwace. Shi kuwa Nasiru cibiyarsa tana bayan ɗakin Alhaji."

Malam Furodusa ya rubuta a littafinsa, ya sa Haladu ya dangwala yatsa. Ni ɗan fari ne, kuma ɗan fari a gidan iyayen uwa ake haihuwarsa, wannan ko jariri ya sani. Inna 'yar Kara ce, ta tafi goyon ciki, ta yi wanka, ta dawo da ni ina kwana arba'in da 'yan kai. Kwana arba'in ɗin nan su Haladu ya ɗauko ya shafe shekara ashirin da shida da na yi ina shan ruwan garinmu. Na naɗe tabarmata na kama hanya a ƙasa. Abin da nake gaya wa zuciyata kawai, ba komai, ai gonata tana nan.

Ban shiga gida ba, gonar na fara zuwa. Na tsaya a bakin hanyar rafi ina neman ta. Ciyayi, harƙiya da ƙiri-ƙiri, sun kai gwiwa, sun shimfiɗe kore shar daga wannan iyaka zuwa waccan. Sai da na durƙusa na buɗa ciyawa da hannu sannan na ga geron, siriri, rawaya, bai fi tsawon tafin hannuna ba, alhali na maƙwabta ya kai ƙugu. A kusurwar gabas akwai kunya shida da aka nome, noman tsohuwa, karkace. A ƙarshen ta shidan Inna ce zaune a ƙasa da 'yar fartanya, tana haki.

A gida Hansatu ta ba ni labari, ba ta ɗago ido ba. Larabar farko ta yi daka tun safe har hannunta ya yi kanta, ta kirɓa fura, Alhamis ta tuƙa tuwon mutum talatin. Suka jira har rana ta take, suna jin gangar gayya daga yamma, a gonar Alhaji Mamuda. Haladu ya aiko cewa an samu ɗan canji, sai Alhamis mai zuwa. Tuwon aka raba wa maƙwabta, furar ta yi tsami. Mako na biyu ta sake dakawa, ganga ta tashi a gonar Alhaji ta fadama. Mako na uku ta kankare gindin rumbu ta sake dafawa, don ta ce kada mutane su zo su tarar ba a shirya ba a ji kunya. Ba wanda ya zo. Alhaji ya yi wa 'yan gayya alkawarin taki, shi ke nan goron da aka karɓa a ƙofar masallaci ya bi iska.

Na ce, "Me ya hana ku aiko mini?"

Inna ta ce, "Wa za mu aika? Duk mai zuwa Gwarzo a motar Alhaji yake zuwa."

Na gaya musu yadda aka cire ni. Inna ta murza ƙafarta da ta kumbura, ta ce, "To ai bai yi ƙarya ba. A ɗakin uwata Iya na haife ka, cibiyarka tana gindin katangar Yaya Bawa. Tunda sun ce kai ɗan Kara ne, ai Kara ma gari ne." Ni kuwa nan take na san abin da zan yi. Kwana biyu na yi ina noma daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, na san aikin banza nake yi, lokacin firi ya wuce. Ran Juma'a na tafi Kara wurin Kawu Bawa.

Asabar da safe muka shiga filin, ni da Kawu da dagacinsu, ina sanye da koriyar rigar 'yan Kara. Haladu ya hango ni ya taso da gudu har hularsa tana faɗuwa.

"Malam Furodusa, wannan ai namu ne! Ɗan garinmu ne, a garinmu ya tashi, ubansa a garinmu yake kwance!"

Malam Furodusa ya buɗe littafi ya nuna masa. "Wannan yatsan wane ne?"

Kawu Bawa ya ce, "In ana so a tono cibiyar ma, ga fartanya a mota."

Ranar rana ta buɗe bayan ruwan asuba, ƙasa tana tururi. Mutum huɗu-huɗu suka yi nasu, garinmu yana gaba da 'yar tazara, don yaran nan ni na san su, ba ragwaye ba ne. Aka taɓa hannun Nasiru kafin a taɓa nawa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, yaron yana da gudu, a makaranta ya koya. Ya haye buhuna kamar akuya, ya riga ni fita daga raga, a igiya muka buga ƙararrawa kusan tare. A azara ya cire takalmi ya bi a hankali, hannuwa a buɗe, ni na wuce ta a guje ban ko dubi taɓon ba. Sai tulu. Ni tun ina shekara tara nake ɗebo wa Inna ruwa daga rafi. Nasiru a bakin famfo ya tashi. Aka ɗora masa, ya riƙe da hannu biyu ya zabura, ruwa yana tsalle yana wanke masa fuska. Ya riga ni isa tuta da taki uku, mutanen garinmu suka ɓarke da ihu, makaɗa suka saki ganga. Aka zura sanda a tulunsa, ko rabi babu. Aka zura a nawa, ta fito a jiƙe har wuya.

Na ga fuskar Alhaji Mamuda, na ga ta dagacinmu, amma ta Haladu nake nema. Aka ba ni igiyar shanun, aka kawo na'ura daf da hancina, mai gabatarwa ya ce, "Sale ɗan Kara, wa za ka gaisar a gida?"

Na ce, "Ina gaishe da Yaya Haladu sarkin gayya, wanda ya nome mini gonata tas."

Ran Juma'a aka nuna a ƙofar gidan malamin asibiti. Duk wanda ke wurin ta bakin gonata yake bi zuwa rafi, ya san abin da ke cikinta. An ce wata tsohuwa ce ta fara fashewa da dariya, sai wuri ya ɗauka. Daga ranar sunansa ya koma Haladu Tas. Yara suka riƙa binsa da shi, har matansa in sun yi faɗa da shi. Kafin kaka aka ba wani sarautar gayya.

Na so a ce labarin a nan ya tsaya. Gonar da take ba mu dami hamsin a shekarar kirki, dami tara na ɗaure, shi ma zangarniya kamar yatsa. Waken ciyawa ta cinye shi. Mutanen garinmu rabi suna dariyar Haladu, rabi ba sa amsa sallamata, don na kai shanunsu Kara. Kawu ya aiko da abin da ya iya, su ma ba su da shi. Kafin tsakiyar rani hatsi ya ƙare. Muka koma garin rogo, daga nan dusa, daga nan tafasa da zogale ba ƙuli. Hansatu takan dafa sau ɗaya, da yamma, ta ce ta ci nata a madafa, na san ba ta ci ba. Na tafi Kano aikin gini, a shekarar ba mai gini. Nononta ya ƙafe. Ladidi ta koma kunun da ba shi da kauri, cikinta ya kumbura, gashinta ya yi ja. Da bazara ƙyanda ta shigo gari, yaran da suke da jiki suka tashi. Ladidi kwana huɗu ta yi. A hannuna na kai ta, ba ta kai nauyin tulun nan ba.

Na san rai na Allah ne, Liman ya gaya mini, ni ma na sani. Amma tuwon mutum talatin sau uku, da dami arba'in da ciyawa ta ci, ni na san inda suka tafi, na kuma san wanda ya kai su.

Da ruwa ya sauka mutanen Kara suka cika alkawarin da suka yi mini kafin in yi musu gudu, cewa shanun za su riƙa huɗa mini gona. Gonata ce ta farko da shanun suka huɗa. Akwai hanya ta bayan gari da ta fi kusa, na ce a'a, ta ƙofar gidan Haladu za mu bi. Shekara bakwai muna bi ta nan har shanun suka tsufa, kuma duk shekara sai na tsaya na yi masa sallama.

Da aka kawo shari'a, gari ya canja. Aka daina kiɗan gayya, aka kafa kwamitin sulhu a masallacin Juma'a, suna bi gida-gida suna sasanta masu gaba. Wata rana suka zo zaurena da Haladu. Ya tsufa, ido ɗaya ya yi yana, ƙafa tana ja. Liman ya yi nasiha mai tsawo a kan gaba tsakanin Musulmi. Haladu ya ce, "Sale, ka yafe ni don Allah. Abin ya daɗe."

Na ce, "Maganar talabijin na yafe, Malam shaida ne. Ta gona kuwa, ka tsayar mini da rana a ƙofar masallaci, har yau ba ka zo ba. Ga ciyawa can ta kama. Alhamis ina jiranka."

Liman ya ce, "Haba Sale, dubi jikinsa mana."

Na ce, "Inna ta fi shi tsufa lokacin da ta yi kunya shida."

Ya zo. Shi kaɗai, da fartanya a kafaɗa, ba ganga ba samari. Na sa Hansatu ta dama fura ta tuƙa tuwo, don mai gona ba ya barin ɗan gayya da yunwa. Na zauna a gindin kuka ina kallonsa yana sara yana tsayawa, yana dafa ƙugu. Kunya biyu ya yi ranar. Alhamis ta biyu ya yi ɗaya da rabi. Hansatu ta ce in ji tsoron Allah in sallame shi, na ce shi ya ce Alhamis, ba ni ba. Ta uku bai zo ba, aka ce yana kwance. Bai ga kakar shekarar ba.

Na je jana'izarsa, na tsaya a sahu na biyu, na yi masa salla kamar kowa. Da aka idar, ɗansa babba ya miƙe ya ce duk wanda mahaifinsu ya yi wa wani laifi, don girman Allah ya yafe masa kafin a kai shi. Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe, Allah Ya yafe mana." Liman ya waiwayo yana dubana, ɗan ma yana dubana, sahu duk ya juyo. Na buɗe baki da niyyar in faɗa, wallahi da niyya na buɗe. Sai na ji nauyin Ladidi a hannuna. Na rufe bakina, na kama ƙafar makara, muka tafi.